Daren da Na Kusa Kashe Littafin Uwargida

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, ko da yake in kun yi haƙuri kun bi ni zuwa ƙarshe, wataƙila can ɗin zai ɓulla. Labarin kwamfuta ne, da na wani maigida mai ji da kansa, wato ni, da yadda a dare ɗaya na kusa hallaka aikin shekara uku na matata. Na daɗe ina jin nauyin ba da shi, domin babu inda na fita fes a cikinsa. Amma da na tuna yawan marubutanmu da littattafansu ke kwance a cikin tsohuwar kwamfuta guda ɗaya tak, babu kwafi a ko'ina, sai na ga gara in tona wa kaina asiri ko wani ya tsira.

Bari in fara gaya wa mai karatu inda girman kaina ya samo asali. A 2005 na yi aiki a wani shagon buga takardu a nan Kano, irin wanda ɗalibai ke cika shi maƙil lokacin rubuta kundin kammala karatu. Zamanin Windows XP ke nan, zamanin faifan CD da ɗan faifan fulofi wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabayit 1.44. A nan na koyi ɗora wa kwamfuta babbar manhaja, har na haddace haruffa da lambobi 25 ɗin nan da ake shigarwa kamar yadda yaro ke haddace lambar wayar babansa. Kuma a wancan lokacin magani ɗaya muka sani, kamar mai kemis ɗin da bai san komai ba sai farasitamol: kwamfuta ta yi nauyi, fomatin, ta kamu da bairos, fomatin, ta ƙi tashi, fomatin. A goge komai, a zuba sabo. Na bar wannan sana'a da daɗewa, amma sunan bai bar ni ba. Har yau a danginmu in kwamfuta ta yi tari, ni ake nema.

Ita kuwa Maman Ummi ta fara littafinta ne a 2022. Babi uku na farko a littafin makaranta ta rubuta su da biro, daga nan ta koma bugawa kai tsaye a kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya mata ta hannu a 2019. Sai yara sun yi barci take zama a kan darduma, ta ɗora ta a kan filo, ta yi ta ƙwas-ƙwas har sha biyu. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, caja ce ke riƙe da ranta. Da an ɗauke wuta sai ta yi ɗif kamar an hure fitila. Ta yi mini maganar sabon batir ya fi sau biyar, ni kuma kullum sai in ce ƙarshen wata. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A farkon Oktoban 2025 sai saƙo ya riƙa fito mata a allo cewa daga ranar 14 ga watan kamfanin Microsoft zai daina kula da Windows 10, manhajar da ya fitar tun Yulin 2015. Ta tambaye ni ko kwamfutar za ta daina aiki ne. Gaskiyar magana ita ce ba za ta daina ba. Abin da za a daina aikowa shi ne facin tsaro da ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Na san da haka sarai. Amma maimakon in kwantar mata da hankali in yi shiru, sai na ce, “Bar ni da ita, Windows 11 zan sa miki.” Ta ce, “To, amma ka bari in gama babin da nake kai.” Na ce to, irin “to” ɗin da maza ke yi alhali hankalinsu ya riga ya yi gaba.

Da na bincika sai na tarar kwamfutar ba ta cika sharuɗɗa ba. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana son ƙwaƙwalwar aiki ta aƙalla gigabayit 4, da ma'adana mai gigabayit 64, da wani ɗan guntun na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan in masarrafar ta Intel ce, galibi sai 'yar zubi na takwas zuwa sama. Tamu 'yar zubi na huɗu ce. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na tuna akwai wata 'yar manhaja mai suna Rufus da ake haɗa filashin lodi da ita, kuma tana da zaɓin tsallake wannan binciken. Na ƙona data na sauko da fayil ɗin da ya haura gigabayit 5, na haɗa filashina, ina ta jin daɗi kamar wanda ya yi wa ɗan sanda wayo a shingen bincike. Hausawa dai sun gama magana: ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ranar Juma'a, 10 ga Oktoba, ta kwanta da wuri saboda ciwon kai. Wajen sha ɗaya na dare na ga wuta ta zauna daram, fanka na ta juyi, sai zuciya ta ce mini ga dama, ka yi mata ba-zata ta tashi ta ga sabon abu. Na jona filashi, na danna. Aka tambaye ni abin da nake so a bari, na zaɓi a bar fayiloli da manhajoji yadda suke, na ɗauki wannan zaɓin tamkar rantsuwa da aka yi mini. Ga wani filashin a aljihun rigata, kwafe littafin ba zai ci minti ɗaya ba, amma wallahi ko a raina bai zo ba.

A nan ya kamata in yi wa mai karatu bayanin abin da ke faruwa a ciki, don shi ne zuciyar maganar. Ɗora sabuwar manhaja a kan tsohuwa kamar sauya wa ɗaki kaya ne alhali mutane na ciki. Matakai huɗu aikin ke bi. A na farko tsohuwar Windows na nan da ranta, ana dai shigo da sababbin kaya ana jibgewa a gefe. In an katse a nan babu wata ɓarna. Daga nan kwamfutar za ta kashe kanta ta sake tashi, a kwashe tsofaffin kayan a tura su wata jaka mai suna Windows.old, a fara jera sababbi, a sake tashi sau biyu ana ƙarasa jere. Tsakanin nan akwai lokacin da tsohon gado ya fita, sabo bai gama shiga ba, komai na tsakar gida. Shi ya sa ake rubuta maka a allo cewa kada ka kashe kwamfutarka.

To daidai wannan lokacin, ƙarfe ɗaya saura, lissafi ya kai kashi 64, fanka ta fara rage gudu. Ɗif! Ɗaki ya yi duhu, allo ya yi duhu. Na zauna riƙe da kwamfuta a cinya ina jin bugun zuciyata a kunne. Janareto babu mai. Sai a lokacin littafin ya faɗo mini a rai.

Wuta ta dawo wajen ƙarfe uku. Na kunna da bismillah. Tambari ya fito, 'yan ɗigon nan suka yi ta zagaye, aka rubuta cewa ana warware sauye-sauyen da aka yi. Na ce alhamdu lillahi, domin an gina manhajar ne yadda in aiki ya lalace za ta koma inda ta fito, kuma sau da yawa tana komawa lafiya. Wannan karon ba ta koma ba. Ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi, daga ƙarshe ta tsaya a shuɗin allo da lamba 0xc000000e. Ma'anar lambar a taƙaice ita ce kwamfutar ta duba ɗan kundin adireshin da ke gaya mata inda Windows take, ta je ba ta tarar da kowa ba.

Nan na tafka kuskure na biyu. Maimakon in tsaya in yi tunanin ceto littafin, sai na shiga neman ceto mutuncina, wato in gyara kafin ta farka. Na tayar da kwamfutar daga filashi, na sa ta gyaran farawa na kai-da-kai, ta ce ta kasa. Na ɗauko waya ina bincike, duk umarnin da na gani sai in kwafa in buga. Na buga bootrec /rebuildbcd, wanda aikinsa shi ne ya nemo Windows ya sake rubuta adireshinta, ya amsa mini cewa adadin da ya samu sifili ne. Sifili! Ana kiran assalatu ina zaune gumi ya jiƙa mini singileti.

Bayan na dawo daga masallaci na same ta a kicin tana dama koko. Na tsaya a bakin ƙofa kamar ɗalibin da ya fasa tagar aji. Na ce, “Maman Ummi, akwai magana.” Na faɗa mata komai. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ajiye ludayi ta ce, “Abban Ummi, ka kwafe shi kafin ka fara?” Na ce a'a. Ta ce, “Ba na ce ka bari in gama babin ba?” Na ce kin faɗa. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, “Da kuɗi ne na ajiye a ciki, da ka tambaye ni kafin ka taɓa.” Ta ɗauki ludayinta ta ci gaba da damu. Wannan maganar ta fi mari zafi, don gaskiya ce. A raina littafin nan wani abu ne da take rage dare da shi, ban taɓa ɗaukarsa dukiya ba.

Ƙarfe goma na safe ina wani shagon gyara a cikin gari. Wani saurayi mai fara'a ya karɓa, ya kunna, ya ga shuɗin allo, ko minti biyu bai yi ba ya ce, “Alhaji, ai fomatin kawai za a yi, awa ɗaya ka dawo ka ɗauka.” Na ce kayan ciki fa? Ya ce, “Ai Windows ɗin ta riga ta mutu, sai haƙuri.” Har ya miƙa hannu zai ɗauko filashinsa.

Wallahi jama'a, muryata na ji a bakin yaron nan. Nan take na tuna wata ɗaliba da ta zo shagonmu a 2006 da kwamfutar yayanta, ta ƙi tashi, tana rubuta cewa ba ta ga NTLDR ba. Kundin digirinta na ciki. Na ce mata sai fomatin, sai haƙuri, na goge, ta zauna a kan benci tana kuka ina ba ta baki da cewa ƙaddara ce. Sai bayan shekaru na gane cewa 'yan ƙananan fayiloli biyu ne, ntldr da ntdetect.com, da ake iya kwafowa daga faifan XP a mayar, kuma ko da hakan bai yi ba, kundinta na nan lafiya lau a ma'adana har zuwa lokacin da na danna maɓallin gogewa da hannuna. Ba lalacewar manhaja ce ta cinye mata aiki ba, ni ne. Ban ga laifin saurayin nan ba, abin da aka koya masa ke nan, kamar yadda aka koya mini. Na ce ya ba ni kayata, na gode.

A bakin titi na kira tsohon maigidana na shago, wanda yanzu girma ya kama shi. Bayan gaisuwa na ce, “Ranka ya daɗe, na yi ɓarna.” Ya saurare ni har na gama, ya yi dariya ya ce, “Har yanzu hannunka ya fi kanka sauri.” Sai ya yi mini tambaya uku. In ka shiga BIOS, kwamfutar na ganin ma'adanar? Na ce tana gani. Kana jin tana ƙas-ƙas kamar agogo? Na ce a'a. An kulle ta da BitLocker? Na ce ba a kulle ba. Ya ce, “To kayanka na nan. Tsani ne ya karye, bene bai rushe ba. Kada ka ƙara gyara komai, kada ka rubuta komai a kanta. Kwashe tukuna, gyara daga baya.”

Ga yadda ya koya mini, kuma na rubuta shi dalla-dalla don wata rana zai yi wa wani amfani. Na koma gida na tayar da kwamfutar daga filashin lodin nan dai da ya jawo mini masifa. Da shafin farko ya fito, ban ci gaba ba, sai na danna Shift da F10 tare, baƙin akwatin umarni ya buɗe. Na rubuta notepad, ɗan shafin rubutu ya fito. Na je wajen buɗe fayil, sai ga taga tana nuna mini duk ma'adanan da ke jikin kwamfutar, har da filashi na biyu da na jona. A nan haruffa kan sauya, abin da ka saba gani C yana iya zama D, don haka sai ka leƙa ɗaya bayan ɗaya.

Maman Ummi na tsaye a bayana, ta harɗe hannu. Na buɗe jakar Users, babu sunanta. Cikina ya ɗuri ruwa. Sai na hango Windows.old a ƙasa, na shiga, ga Users, ga sunanta. Ashe an riga an fitar da kayanta tsakar gida kafin wutar ta tafi. Na buɗe Documents, wayam! Babu komai sai wasu jakunkuna biyu. Na ji ta ja numfashi a bayana. Hannuna na rawa na sake kiran maigidana, ya ce, “Kai, dubi ƙasa. Notepad ba ya nuna komai sai fayil ɗin txt. Sauya shi ya nuna duka.” Na sauya. Sai ga su sun zubo reras, ga littafin a tsakiya da sunan da ta raɗa masa, ga kwanan watan Alhamis a gefensa. Ban buɗe shi a nan ba, don Notepad ba ya karanta fayil ɗin Word, tarkace zai nuna maka ka ɗauka ya lalace. Na danna ɓangaren dama na linzami, na kwafa, na liƙa a filashi. A wannan yanayin ba a nuna maka sandar ci gaba, sai ka ga kamar komai ya daskare. Haƙuri ake yi. Na kwashe littafin, na kwashe hotunan sunan Ummi, na kwashe komai.

Ban yarda na tsira ba sai da ƙanena ya kawo tasa kwamfutar muka buɗe fayil ɗin a ciki. Shafi 386. Ta ce in gangara ƙarshe. Ta sunkuyo ta karanta jimlar da ta tsaya a kai daren Alhamis, rabin jimla ce ma, ba ta ƙarasa ba. Sai a sannan ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi, kukan da ba ta yi da safe ba ya zo.

Bayan mun ajiye kwafi a filashi, da wayarta, da akwatin imel ɗinta, sannan na goge ma'adanar na mayar mata da Windows 10 ɗinta. Abin haushin, a nan na gano cewa tun kafin ranar 14 ga watan Microsoft ya buɗe wa masu kwamfutar gida wani shiri na ƙarin shekara ɗaya na facin tsaro, zuwa 13 ga Oktoban 2026. Wato duk gaggawar nan babu dalilinta. An je neman ƙiba an samo rama. Ranar Litinin na sayo batir, ban jira ƙarshen wata ba.

Saboda haka 'yan'uwa marubuta, musamman mata da ke ba mu amanar kwamfutocinsu, ga abin da na tsinta. Kafin kowa ya taɓa muku babbar manhaja, miji ne ko ƙane ko mai shago, ku ga kwafin aikinku da idonku a wani wuri daban, ku buɗe shi ku tabbatar yana buɗuwa. Masana na cewa kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen gida. Kada a fara lodi ko sabuntawa da mataccen batir a ƙasar da wuta ba ta sallama in za ta tafi. In kwamfutarku sabuwa ce, ku bincika ko a kulle take da BitLocker, ku nemo mabuɗinta mai lamba 48 ku rubuta a takarda, don in babu shi dabarar da na faɗa ba za ta yi aiki ba. In an yi lodi lafiya kuma kuka ga wani abu ya ɓace, ku duba Windows.old da wuri, domin bayan kwana 10 manhajar kan share ta da kanta. In kuwa kun ji ma'adana na ƙas-ƙas, ku kashe nan take ku nemi ƙwararre, wannan ciwon daban ne. Sama da duka, in kwamfuta ta ƙi tashi aka ce muku sai fomatin, ku ce a fara kwashe muku kayanku. In an ce ba zai yiwu ba, ku ɗauki abarku ku tambayi wani.

Saura abu ɗaya. A daren Asabar ɗin, bayan yara sun kwanta, na ce mata, “Maman Ummi, in kin yarda ina so in karanta.” Ta dube ni ta ce, “Shekara uku yana gabanka.” Na ce na sani. Ta tura mini a waya. Kwana huɗu na yi ina karantawa, a ofis, a cikin adaidaita, har a layin mai. Ban san haka take da alƙalami ba, ina kwana ɗaki ɗaya da ita. A babi na tara akwai wani maigida da bai taɓa cewa “ban sani ba” a rayuwarsa, wanda ya kwance keken ɗinkin matarsa zai gyara ya kasa mayarwa. Na tambaye ta wa take nufi. Ta ce ƙirƙira ce kawai, duk wanda ya ga ya yi kama da shi, to dacewa ce.

Ita kuwa ɗalibar nan ta 2006, ban san sunanta ba, ban san inda take ba. In Allah ya sa ta ci karo da wannan rubutu, ina roƙon ta yafe mini. Ba ƙaddara ce kaɗai ba, da hannuna a ciki.

Allah ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa.